Ranar da Aka Jarraba Mu da Kunu a Jega

Jikata tana karatun abinci a jami'a. Shekara huɗu, in ji ta, kafin a yarda ta san abin da ya kamata majinyaci ya ci. Na ce mata ni wata tara na yi, kuma takardata tana nan cikin adaka da hatimi da sa hannun Bature, ko gara ba ta yi ƙarfin halin taɓa ta ba. Sai ta tambaye ni yadda aka gane mun iya a zamaninmu, wai malamansu har yau gardama suke yi a kan yadda za a auna abin da ɗalibi ya kwasa. Na ce ta miƙo mini goro, na shiga wani zance. Amsar ce nake rubutawa yanzu, da ɗan bokon da nake da shi, wanda bai wuce in karanta wa mutum wasiƙa in ɓata masa rabinta ba.

Lokacin Nasara bai daɗe da shimfiɗa tabarmarsa a ƙasar nan ba. An yi wata damina da gero bai yi ba, bayanta sai tamowa ta shiga yara: ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya kwanta, yaro ya zauna shiru kamar tsohon da aka yi wa rashi. Wata Baturiya mai aikin jinya ta sauka Jega, aka yi mata rumfa da ɗakuna biyu a bayan ɗakin magani, ta wajen gulbi. Ta ce a ba ta mutanen da za ta koya wa ciyar da irin waɗannan yara. Mata take so, amma ba wanda ya ba da matarsa, sai aka tattaro mata ƙarti biyar.

Ni ɗan maƙeran Jega ne, a lokacin ina da mata da ɗa guda. Na taɓa yin shekara biyu a makarantar boko, kuma a maƙera ƙarfe ba ya jin maganata. In na ƙera lauje sai manomi ya tsaya yana tambaya ko mene ne. Da aka zo neman mutum, babana bai bari manzo ya gama magana ba ya nuna ni.

Cikinmu akwai wani Bahillace daga Kuberi, ƙasar Maiyama. Shi kaɗai ne ba a turo ba, da ƙafarsa ya zo ya nemi a ɗauke shi. Tsakanin Hillani da maƙera kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni, don haka tun ranar farko na sanar da shi cewa bawana ne, in ya yi biyayya zan 'yanta shi bayan salla. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ya ji labari da ragowar gawayi aka yi maƙeri, amma bai taɓa ganin wanda aka yi da toka ba sai yau. Daga nan muka zama abokai. Ni ina ce masa ɗan Fillo, shi yana ce mini ɗan zuga-zugi.

Karatun Baturiya kashi biyu ne, na baki da na hannu. Na baki shi ne abinci iri uku: mai gina jiki, mai ba da ƙarfi, mai kare jiki daga cuta. A tafasa ruwa. A wanke hannu. A ba yaro kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Ƙwai ba ya mai da yaro ɓarawo, ko da kakarka ta rantse. Wannan duka na haddace shi kamar karatun allo, har da rausaya. Abokina kuwa in aka tambaye shi abinci iri nawa ne, sai ya yi dogon tunani ya ce uku: madara, da nono, da abin da ake ci in babu su.

A wajen murhu ne zance ya juya. Kununa ni da shi ana iya jifar kare. Nasa kuwa, sai ya jiƙa gero ya rufe da danshin buhu kwana uku har ya yi tsiro, ya shanya, a daka, ya haɗa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ɗan garin busasshen kifi, ya tace da ƙyalle har sau biyu, ya zuba madara bayan ya sauke. Kunun ya fito da ruwa-ruwa amma da nauyi a ciki, yaron da ba ya iya haɗiya ma sai ya wuce masa. Kafin a kai wa yaro sai ya ɗiga a bayan hannunsa ya ji ɗuminsa. Baturiya ta tambaye shi inda ya koya, ya ce wajen 'yan maruƙan da uwarsu ta mutu. Ta sa mu duka mu tsaya mu kalle shi. Ni na tsaya, amma hankalina yana kan hadda, don na san ita za a tambaya.

Cikin yaran da ke kwance akwai wata yarinya, ba ta fi shekara biyu ba, tare da kakarta. Ta fi kowa lalacewa. Uwarta ta rasu wajen haihuwar ƙaninta, jaririn ma bai zauna ba. Na yi wata guda kafin in lura abokina ba ya bi ta gefen tabarmarsu. In dole ta kama shi, tun daga nesa zai tuɓe takalmi ya durƙusa ya gai da tsohuwar yana kallon ƙasa, ita kuma ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Matata ce ta kawo mini labarin daga bakin rijiya: tsohuwar surukarsa ce, yarinyar kuma ɗiyarsa ta fari. Saboda ita ya baro shanu ya zo ya tsugunna gaban murhu kamar mace.

'Yan yanzu ba su san nauyin wannan ba, bari in faɗa. A wancan zamani mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya yi masa wasa a gaban jama'a. In an tambaye shi sai ya nuna bai ma san da shi ba. Mu Hausawa muna yi, amma muna ɗan sata in ba kowa. Hillani ba sa sata. A gaban suruka kuwa, gara mutum ya faɗa rijiya. Ba wai ba ƙauna ba ce, ita ce ma ake ɓoyewa don ta yi yawa.

Ga yadda yake yi. Zai dama na yarinyar daban a wata 'yar tukunya, ya miƙo mini ya ce in kai wa mutanen can na ƙarshe. Sa'an nan ya zaga bayan zana, daidai inda tabarmarsu take, ya tsugunna kamar mai gyaran igiya, yana wani ɗan kaɗa harshe irin wanda ake kiran maraƙi da shi. Da ta ji sai ta buɗe baki, kakar ta zuba. In ya yi shiru ta rufe. Haka kullum sau shida, wata da watanni. Kumburin ya saɓe. Wata rana ta yi kuka mai ƙarfi har ta kai wa kakarta duka, Baturiya ta yi ta murna, ta ce mai wannan cuta in ya fara faɗa to ya kama hanyar tashi. Na leƙa bayan zana na tarar da shi yana share fuska da hannun riga. Na ce ɗan Fillo, hayaƙi ne? Ya ce ƙwarai, warin maƙeri ne ya shigar masa ido.

Da kaka ta gabato aka gaya mana abin da zai biyo baya. Za a yi mana jarrabawa, a rufe rumfar Jega, a buɗe ɗakin ciyarwa biyu, ɗaya a Aliero ɗaya a Maiyama, a raba yaran gwargwadon kusancin garinsu. Mutum biyu za a ɗauka. Aliero kowa ya san na wani cikinmu ne, mutumin garin Dangamaji, wanda ya gama makaranta tsaf, kuma hannunsa ba laifi. Sauran biyun tuni zuciyarsu ta koma gona. Ya rage Maiyama, tsakanina da abokina. Shi mahaifinsa ya ba shi wa'adi: in ya sami aiki ya zauna, in bai samu ba, da an kwashe amfanin gona zai bi garke zuwa kudu, sai damina. Yarinyar kuwa Maiyama za a kai ta, kuma ba ta kai a yi tafiyar rani da ita ba. Ni abin da ke jirana in na faɗi shi ne maƙera, da idon babana.

Saura kwana goma a yi jarrabawar zazzaɓi ya kayar da Baturiya. Aka ɗauke ta a amuku, ragar nan da ƙarti ke ɗaukar mutum a ciki, aka tafi da ita, ba mu sake ganinta ba. Ita ta san kowa da halinsa, ina zaton har zancen bayan zana ta sani. Wanda ya zo jarraba mu wani likita ne daga babban gari, dogo, mai gajiya a fuska, da tafintansa baƙo mai Hausar kasuwa. Ba mugu ba ne. Ya taho da takardar da Baturiya ta bari, da fensir a bayan kunne.

Da hantsi aka fara na baki a gindin gawo. Nan fa na baje koli. Ya tambaye ni abu ɗaya na ba shi uku, har da Turancin da ban san inda na tsince shi ba. Abokina ya yi ta tuntuɓe, amma ya lallaɓa ya fita, bai ambaci nono fiye da kima ba.

Sai aka koma rumfa, aka jera yara a kan tabarmi, kowane da mai jinyarsa. Likita ya ce kowa zai dama da hannunsa, ya ciyar da yaron da aka ba shi da hannunsa, shi yana kallo. Ya riƙa nunawa da fensir, kai ga naka, kai ga naka. Ni aka ba ni wani yaro daga garin Jandutsi da ya riga ya warke, wanda ko ƙasa ka dama masa zai shanye ya nemi ƙari. Da ya zo kan abokina sai ya duba takarda, ya ce an rubuta wannan ya fi kowa hannu, to a ba shi wadda ta fi kowa rauni. Ya nuna yarinyar.

Abokina ya je murhu ya dama. Likita ya ɗanɗana nawa ya ɗan yamutsa fuska, yaron Jandutsi kuwa ya rufa mini asiri, ya haɗiye gudajin duka ya lashe ƙoƙo. Ya ɗanɗana na abokina, ya sake ɗanɗanawa, ya yi rubutu mai tsawo. Sa'an nan ya ce a ba ta.

Abokina ya ɗauki ƙoƙon ya nufi tabarma. Saura taku uku ya tsaya, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a kaikaice, ya ajiye ƙoƙon a ƙasa ya tura shi wajen tsohuwar, fuskarsa na kallon gulbi. Tafinta ya ce ba haka ba, kai za ka ba ta. Bai motsa ba. Aka maimaita. Bai motsa ba. Tsohuwar ta ja mayafi har haɓa.

Likita ya matso, ya sa tafinta ya tambaye shi sunan yarinyar.

"Ban sani ba, ranka shi daɗe."

Tun yaushe take ciwo?

"Ban sani ba."

To ɗiyar wace ce?

"Wani mutumin Kuberi ne," in ji shi.

Yarinyar ba ta taɓa jin muryar nan kusa haka ba, babu zana a tsakani. Ta juyo, ta miƙa hannu biyu. Shi kuwa ya ƙara kau da kai har jijiyar wuyansa ta fito. Likita ya ga wannan. Na ga fuskarsa ta canza, irin ta mutumin da ya ga an wulaƙanta yaro a gabansa. Ya ce wata tara mutum yana wuri, bai san sunan majinyaci ba, kuma ƙyamar taɓa shi yake yi.

Sai ya juyo wajena, tunda ni na nuna ina jin Turanci. Ya tambaye ni kai tsaye, ba tafinta, ko haka wannan mutum yake yi kullum, ba ya taɓa yara marasa lafiya.

Kalmomin da nake bukata ba su fi biyar ba, kuma duk na san su da Turanci. Uba. Ɗiya. Ta fari. Al'adarmu. A sauya masa wani yaro. Da na faɗa, ba a yi rabin sa'a ba da likita ya ga abin da Baturiya ta gani. Na dubi abokina, na dubi tsohuwar, na ce ban sani ba.

Shekara da shekaru ina gaya wa kaina cewa kunyarsa na tsare, don in na tona shi a gaban surukarsa da jama'a na tuɓe masa riga a kasuwa. Wannan gaskiya ce, malamai biyu sun tabbatar mini. Wata gaskiyar kuma, wadda ban kai wa malamai ba, ita ce a daidai lokacin na hango kaina a Maiyama da farar riga, ana ce mini Malam.

Bayan azahar aka karanta sakamako. Mutumin Dangamaji Aliero, ni Maiyama. Abokina ne ya fara zuwa yi mini barka. Ya ce duniya ta zo ƙarshe, an ba maƙeri amanar ruwa. Da la'asar ya zaunar da ni a bakin murhu ya bi da ni aikin tun daga jiƙon gero, yana yi yana zagina, ya sa na tace har sau huɗu. Duk bayanin a kan yaran da za a ba ni yake yi. Can da zai tashi ya ce, yana kakkaɓe riga, cikinsu akwai wadda ba ta son zafi, kuma in ta rufe baki kada a matsa mata, a jira. Bai ce komai ba game da abin da na faɗa wa likita. Kwana uku bayan nan ya tafi.

A Maiyama aka ba ni ɗaki da rumfa da yara bakwai. Allah ya sani na yi ƙoƙari. Geron farko da na rufe ya yi fumfuna. Na biyu ya wuce kwanansa ya yi ɗaci. Na uku ya yi dama-dama, sauran yaran suka sha, amma ita ɗiyar abokina in ta karɓi cokali biyu sai ta datse baki ta juya wa bango. Na jira kamar yadda aka ce. Na rage zafi, na ƙara madara, na sa zuma. Har na zaga bayan zana, ni da takardata mai hatimi, na tsugunna ina kaɗa harshe kamar taɓaɓɓe. Ta ɗago kai sau ɗaya ta saurara, sa'an nan ta mayar ta kwantar.

Kakar ta ce mini ta cikin zana, "Malam, bar wahal da bakinka. Ta san ba shi ne ba."

Na aika saƙo kudu ta hannun masu fataucin gishiri, har sau biyu. Garke ba ya da gida, ba su same shi ba. Kumburi ya dawo, daga ƙafa ya hau. Da zafin bazara ya tsananta gudawa ta shiga. Ta rasu wata Alhamis da hantsi, saura kaɗan ruwan farko ya sauka. Ni na ɗauke ta zuwa maƙabarta, ba ta fi nauyin damin kara ba. Tsohuwar ta kwashe tabarmarta ta koma garinsu. Cikin bakwai ɗin nan biyar sun tashi, kada in yi wa kaina ƙarya ta wancan gefen kuma. Da likita ya zo zagaye ya duba littafina ya ce aiki ya yi kyau.

Bayan ruwa na biyu, ina tsaye ina tace kunu da safe, na ji sallama. Abokina ne, ya rame, ya yi baƙi, sanda a kafaɗa. Daga hanya yake, bai biya Kuberi ba. Na shimfiɗa masa tabarma. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ya gajiya, ya shanu, ya ruwa, ya iyali. Ya tambayi yaron nan mai ƙurji a kai, na ce ya warke. Ya tambayi tagwayen nan, na ce an sallame su. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har shida, ya tsaya. Idonsa yana kan kusurwar da ba tabarma.

Na ce masa mutanen Kuberi sun yi rashi, kwana goma sha tara ke nan.

Ya daɗe yana murza sandarsa a ƙasa. Sa'an nan ya ce, "Allah shi jiƙan ɗiyar mutane."

Na ce amin. Da na yi shiru a nan, da ya tashi ya tafi, mun rabu kamar yadda ake rabuwa. Amma bakin da ya ƙi buɗewa ranar da ake bukatarsa sai ya buɗe yanzu. Na gaya masa abin da likita ya tambaye ni da Turanci, da amsar da na bayar, da amsar da na sani ban bayar ba. Na gaya masa har zancen farar riga.

Ya ce ya sani. Ba ya jin Turanci, amma ya ga likita ya dube shi sa'an nan ya dube ni.

"Da ka hwaɗi," ya ce, "da na ƙaryata ka gaban kowa. Da na ce ban san ta ba, maƙeri ne shina haukarsa."

Na ji wani sanyi ya fara sauka a ƙirjina. Sai ya ƙara, a hankali, ba tare da ya dube ni ba:

"Amma da ka hwaɗi."

Na kawo masa fura, ya kurɓa sau ɗaya don kada in ji kunya. Ya miƙe ya saɓa sanda. Daga Maiyama zuwa Kuberi akwai hanya miƙaƙƙiya, ita kowa yake bi, shi ma ita ya bi duk rayuwarsa. Akwai kuma wata ta bayan gari, mai zagaye, wadda take ratsa gefen maƙabarta. A bakin ƙofa ya tsaya ya tambaye ni ko ta bayan gari tana biyuwa bayan ruwan nan.

Na ce tana biyuwa. Na ce in ya kai maƙabarta, ta gefen gabas akwai wata 'yar aduwa, taku biyar daga gindinta an jera duwatsu ƙanana guda uku, wurin yana da inuwa in mutum yana son ya huta.

Ya ce ba hutawa zai yi ba, sauri yake. Ya bi ta bayan gari. Wani manomi da ke shuka a wajen ya gaya mini daga baya cewa ya ga wani Bahillace zaune a gindin aduwar tun hantsi, bai tashi ba sai da aka kira la'asar.